Yadda ɗan gudun hijira a Maraɗi zai nemi tallafin karatun jami'a, tun daga takardar farko har kuɗi su shigo hannu

Tun 2019, lokacin da hare-haren ƴan bindiga suka koro dubban iyalai daga Sabon Birni da Isa da wasu yankunan Zamfara da Katsina zuwa Gidan Runji da Madarunfa, an yi shekarun da suka isa yaro ya zama saurayi. Waɗanda suka tsallako suna da shekara goma sha biyu, yau su ne ke tambayar inda za su ci gaba da karatu bayan sakandare. A Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, ƙauyukan da aka zaunar da ƴan gudun hijira, da cikin birnin Maraɗi kansa, tambayar guda ce: wa zai biya?

Akwai masu biya, amma guraben kaɗan ne. Rahoton hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muke kira HCR a nan, ya nuna a 2023 cewa 7 cikin 100 na matasan ƴan gudun hijira a duniya ne kawai ke karatun gaba da sakandare, burin hukumar kuwa a kai 15 cikin 100 nan da 2030. Abin da ke da ciwo shi ne, da yawa daga masu rasa tallafi ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Takarda ce ba ta cika ba, ko suna ya saɓa, ko sanarwa ta fito ta rufe suna can suna neman takardar haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin nan aikin shekara guda ne cif, kuma ga yadda ake bin sa. Duk inda muka ce "kai", har da ke muke nufi.

Fara da sanin matsayinka a takarda

A bakin mutane, duk wanda ya bar gidansa saboda tashin hankali ɗan gudun hijira ne. A ofis ba haka ba ne. Wanda ya tsallako iyaka daga wata ƙasa, gwamnatin Nijar ta amince da shi, shi ne ɗan gudun hijira a doka. Ɗan Nijar da ya bar ƙauyensa ya koma wani gari cikin Nijar, ko ya dawo gida bayan zama a Najeriya, yana da tasa hanyar: hukumar ANAB, mai ba ɗalibai ƴan ƙasa kuɗin karatu. Ƙofofin nan biyu ba sa haɗuwa. A yankinmu da iyali guda kan rabu tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, akwai masu jarabar riƙe takardar zama ɗan ƙasar Nijar a aljihu guda, takardar gudun hijira a ɗayan. Kada ka yi. Ranar da aka gano, duka biyun za ka rasa, kuma an ɗauki zanen yatsunka da hoton ƙwayar idonka lokacin rajista, ba abu ne da zai ɓoyu ba.

Ɗauko takardar shaidar gudun hijira ta gidanku ka duba abu uku. Sunanka yana ciki? Wa'adinta bai ƙare ba? Idan ka cika shekara 18 amma har yanzu kana ƙarƙashin sunan mahaifi ko mahaifiya, je ka nemi takarda mai sunanka da hotonka. Wurin zuwa shi ne ofishin jiha mai kula da rajistar jama'a da baƙi da ƴan gudun hijira, wanda ke aiki da hukumar tantancewa ta ƙasa, CNE, ko kuma ofishin HCR na Maraɗi da aka buɗe a 2019. Zuwa da kai ya fi aike.

Sai batun tantancewa. Lokaci zuwa lokaci akan sake ƙirga mutane a wuraren da suke zaune. Ɗalibin da ke lakol cikin gari, iyayensa na ƙauye, shi ne ya fi saurin kuskure ranar, kuma wanda ba a gani ba ana iya dakatar da rajistarsa. Ka bar lambar wayarka wurin shugaban kwamitin ƴan gudun hijira na unguwarku, ka roƙe shi ya kira ka da zarar an sa rana.

Suna da ranar haihuwa

Nan ne za mu daɗe, don nan ne dosiye masu kyau, wato tarin takardun neman tallafi, ke mutuwa. Rubutun suna a Najeriya da na Nijar ba ɗaya ba ne. Yaro guda sai ka ga takardar WAEC, jarabawar gama sakandare a Najeriya, ta ce Usman Shu'aibu, takardar gudun hijira ta ce Ousmane Chaibou, katin lakol kuma ya ƙara sunan kaka. Muhammad ya zama Mahamadou ko Mamane, Aisha ta zama Aïchatou. Mu da muke nan mun san mutum guda ne. Mai duba dosiye a Yamai, da takardu ɗari a gabansa, mutum uku yake gani.

Haka ranar haihuwa. Da yawa lokacin rajista an tambayi uwa shekarun ɗanta cikin gajiya da firgici, ta ƙiyasta, aka rubuta 1 ga Janairu na wata shekara. Takardar makaranta kuwa na ɗauke da wata ranar dabam. Bambancin shekara biyu na iya fitar da kai daga iyakar shekarun da masu tallafi suka gindaya.

Ga abin yi. Shimfiɗa dukan takardunka a tabarma, ka ɗauki farar takarda ka ja layi huɗu: sunanka, sunan uba, ranar haihuwa, wurin haihuwa. Kwafi abin da kowace takarda ta ce, harafi bayan harafi. Inda suka saɓa, takardar jarabawa ce mafi wuyar gyarawa, don haka sauran ake nema su bi ta. Rubuta buƙatar gyara zuwa ofishin da ya yi maka rajista, ka haɗa da kwafin takardar jarabawar a matsayin hujja. Idan gyaran zai ɗauki lokaci, nemi takardar da ke shaida cewa sunayen nan na mutum guda ne, ka sa ta a saman dosiye. Abin da ba a yi ko kusa: goge harafi da reza, shafa farin ruwa, ko kai wa mai kwamfuta ya "gyara" maka. Takarda mai kuskure ana iya yi mata bayani. Takardar da aka taɓa ta zama ta jabu, kuma laifi ne a gaban shari'a.

Wanda ba shi da takardar haihuwa kwata-kwata ya kai maganar ga ma'aikatan kariya na HCR tun yanzu, su nuna masa abin da zai tsaya a madadinta.

Shaidar gama sakandare: hanya biyu

Wanda ya shiga lakol ɗin Nijar, ya ci BEPC ta ƙaramar sakandare, ya wuce lise, wato babbar sakandare, hanyarsa miƙaƙƙiya ce: ya ci bak, jarabawar gama lise. Ana cin ta da maki 10 cikin 20, amma mai neman tallafi kada ya tsaya nan. Daga 12 ake samun yabon farko, daga 14 na biyu, daga 16 na ƙoli, kuma idan masu nema sun yi yawa, makin nan ake fara dubawa. Zaɓin sashe ma tun ajin farko na lise yake yanke maka hanya. Sashen A na adabi da harsuna ne, C na lissafi da kimiyyar fizik, D na lissafi da kimiyyar halittu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta karkata ga kimiyya da fasaha, noma da muhalli, da kiwon lafiya, ga kuma cibiyarta ta IUT mai koyar da aikin gini da lantarki da injuna. Mai bak A zai fi samun abin da ya dace da shi a Yamai ko Damagaram ko Tawa, kuma wannan na nufin kuɗin mota da na ɗaki. Gara a san haka tun yaro na shekara 16.

Wanda ya zo da WAEC ko NECO, aikinsa ya fi yawa. Tsarin Najeriya shekara 12 ne kafin jami'a, na Nijar 13, don haka ba kai ke cewa takardarka daidai take da bak ba. Akwai ofishin da ke shirya bak a Yamai, OBEECS, shi ne kuma ke duba takardun waje ya ba da shaidar daidaito, wadda ake kira ekibalans. Tanadi asalin sakamako da kwafinsa, takardun makin ajin SS1 zuwa SS3 idan suna nan, takardar haihuwa, shaidar gudun hijira, da rubutacciyar buƙata. Idan aka nemi fassara zuwa Faransanci, mai fassara da hukuma ta amince da shi ake kai wa, mai hatimi, ba ɗan unguwa mai jin harsunan biyu ba. Ka shigar da wannan buƙata wata shida kafin lokacin da kake sa ran buƙatarta. Kuma ka dubi sakamakon da idon gaskiya: a Najeriya ma sai da kiredit biyar, wato C6 zuwa sama, har da Ingilishi, ake shiga jami'a. Wanda bai kai haka ba, ya fi masa ya koma aji ya zauna bak, ko ya yi rajista a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Idan takardar ta ƙone ko an baro ta a gida lokacin gudu, sakamakon bai ɓace ba. WAEC na ajiye shi a intanet. Abin da ake buƙata shi ne lambar jarabawa mai alƙaluma 10, shekarar da aka zauna, da katin duba sakamako mai lambar sirri. NECO ma haka, da lambar rajista da lambar da ake saye. Wanda ya manta lambarsa ya nemi tsohon malami ko abokin aji ta waya: alƙaluma 7 na farko na WAEC lambar cibiyar jarabawa ce, duk ƴan ajinku ɗaya kuke da ita.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka tsallaka iyaka da kanka don ɗauko takarda ba tare da ka yi shawara da ma'aikatan kariya ba. Hanyar na da haɗari, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, komawa ƙasar da ka gudo daga cikinta, ko karɓar sabon fasfonta, na iya jawo tambaya a kan matsayinka. A aiko maka ta hannun amintaccen direba ko ɗan'uwa.

Faransanci

Gaskiya ne kundin babbar dokar Nijar da aka amince da shi a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma malamin kimiyya a jami'ar gwamnati da Faransanci yake koyarwa, da shi ake rubuta jarabawa. Faransancin gaisuwa da ciniki a babbar kasuwa ba zai ɗauke ka awa biyu a zauren lacca ba. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: ari littafin ajin ƙarshe na lise, karanta shafi guda, rufe shi, ka rubuta abin da ka gane cikin layi goma da Faransanci. Idan ka kasa, ba ka shirya ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne. Ware shekara guda: darasin yamma wurin malamin lise, labaran rediyo da Faransanci kowace safiya, shafi guda na rubutu kullum, wani ya gyara maka da jan biro.

Wanda ƙarfinsa Larabci ne yana da makarantun Faransanci da Larabci, da Jami'ar Musulunci ta Say. Wanda ƙarfinsa Ingilishi ne, akwai jami'a mai zaman kanta ta Maryam Abacha a nan Maraɗi, amma makarantun kuɗi tsadarsu dabam take da ta gwamnati, kuma ba kowane mai tallafi ke yarda ya biya su ba.

Gurbin karatu kafin kuɗi

Masu tallafi ba sa nema maka makaranta. Kai za ka kawo shaidar an ɗauke ka, ko aƙalla shaidar ka nema. Je sikolarite, wato ofishin rajistar ɗalibai, da sassafe, ka yi gaisuwa, ka ce: "Malam, ni ɗan gudun hijira ne mai rajista, ga takardata. Ina son jerin takardun da ake nema, da kuɗin rajistar da ya hau kaina." Rubuta amsar nan take a gabansa.

Maganar kuɗin rajista tana da muhimmanci, domin jami'o'i kan bambanta kuɗin ɗan ƙasa da na baƙo. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ta ƴan gudun hijira da ta ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1969, kuma tana da dokarta ta 1997 wadda ta daidaita ɗan gudun hijira da ɗan ƙasa wajen samun ilimi. Idan aka sa ka layin baƙi, kada ka yi gardama a taga. Koma ka samo wasiƙa daga HCR ko ofishin jiha, ka haɗa da rubutacciyar buƙata zuwa ga shugaban jami'a. Haka za ka nemi ɗaki da tikitin abinci a CROU, cibiyar da ke kula da kwana da cin ɗalibai.

Idan makaranta mai zaman kanta ce, tambayi abu guda kafin komai: ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da wannan fannin, ba makarantar kawai ba? A nuna maka takardar. Kuma kada ka raina karatun shekara biyu, difilomar DUT a IUT ko ta BTS ta gwamnati. Ga mai iyali a wuyansa, sau da yawa shi ya fi saurin kai shi ga abin yi.

Inda kuɗin suke

Babbar ƙofa ita ce DAFI. Gwamnatin Jamus ce ta kafa shirin a 1992, da sunan Albert Einstein, masanin kimiyyar da shi kansa zaluncin ƴan Nazi ya raba shi da Jamus ya zauna Amurka a 1933. HCR ke gudanar da shi, kuma ya tallafi ɗalibai fiye da 20,000 a ƙasashe da dama. Ka fahimci wannan da kyau, don ana yawan ruɗewa: DAFI ba tafiya Jamus ba ce. Karatu ne a ƙasar da ka samu mafaka. Yana biyan kuɗin makaranta, ya taimaka da littattafai, abinci, ɗaki da sufuri, don digirin farko ko karatun sana'a mai zurfi a makarantar da aka amince da ita, a ƙa'ida har shekara huɗu. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, ta shiga ciki. Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye, don haka mai wannan buri ya tambaya tun farko wa zai ɗauki ragowar.

Sharuɗɗan da aka saba gindayawa: ka zama ɗan gudun hijira da aka amince da shi, ka gama sakandare da sakamako mai kyau, ba ka da halin biya, ba ka wuce shekara 28 ba lokacin fara karatu, ba a cikin shirin mai da kai wata ƙasa ta uku kake ba, kuma mutum guda ake ɗauka a gida guda. Wannan na ƙarshe yana buƙatar zaman iyali. Idan wa da ƙanwa duk sun cancanta, a duba wanda makinsa ya fi, da wanda shekaru suka fi ƙure wa. Kada a ɗauka kai tsaye namiji ne zai nema. Shirin na ƙoƙarin daidaita yawan mata da maza, kuma yarinya mai maki mai kyau tana da dama sosai. Iyaye, idan damuwarku inda za ta kwana ce, ku je da kanku ku ga ɗakunan ɗalibai mata, ko ku samo gidan dangi cikin gari, kafin ku ce a'a.

Ofishin HCR na ƙasa ke tsayar da ranar sanarwa da yawan gurabe, kuma suna canjawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon kuɗin da aka samu. Akan liƙa sanarwar a ofisoshi, a isar ta hannun kwamitocin ƴan gudun hijira da ƙungiyar da ke kula da ilimi a wurinku. Daga lokacin da sakamakon bak ya fito, leƙa allon sanarwa kowane mako. HCR na da shafin intanet da ke tara guraben tallafin karatu na ƴan gudun hijira, ana iya tace shi da sunan ƙasar da kake zaune.

Ga wanda ya riga ya gama lisans, akwai UNICORE na jami'o'in Italiya, wanda ya sha buɗe wa ƴan gudun hijirar da ke Nijar ƙofa, da UNIV'R na Faransa, duka don digiri na biyu. Gidauniyar Mastercard ma ta ƙudurta ware kashi ɗaya cikin huɗu na gurabenta ga ƴan gudun hijira da waɗanda aka raba da gidajensu, ana nema ta hannun jami'o'in da take hulɗa da su. Nemi fiye da guda, amma duk inda fom ya tambaya ko kana da wani tallafi, faɗi gaskiya.

Duk wannan kyauta ne. Ba a sayar da fom, ba a sayen gurbi. Wanda ya ce ka kawo goro ya sa sunanka, ko saƙon WhatsApp da ke neman kuɗin rajista ta waya, damfara ce. Wanda kuma ya nemi wani abu daga jikin yarinya da sunan taimako, a kai ƙararsa ta akwatin ƙorafi ko wurin ma'aikaciyar kariya. Ƙarar ba ta taɓa dosiyenta.

Haɗa dosiye

Bi jerin da ke cikin sanarwar daki-daki, a tsarin da aka jero shi. Abin da aka saba nema: fom, kwafin shaidar gudun hijira, takardar haihuwa, shaidar cin bak ko ekibalans, takardar maki, shaidar samun gurbi, takardar kuɗin makaranta, hotuna, taƙaitaccen tarihin karatu, da wasiƙar bayyana dalili. Kwafin da aka ce a yi masa legalize, ofishin magajin gari ko na ƴan sanda ake kai shi tare da asalin, a liƙa tambur a buga hatimi. Yi kwafi uku na kowace takarda: guda na miƙawa, guda na ajiya, guda na ko-ta-kwana. Asali ba ya barin hannunka, nunawa kawai ake yi. Ɗauki hoton kowace takarda da waya a wuri mai haske, kusurwa huɗu duk su fito, ka tura wa kanka ta imel, don waya na faɗawa ruwa. Asalin kuwa a leda mai kauri, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa. Gara da ɗigon damina sun ci takardun mutane da yawa.

Wasiƙar dalili shafi guda ce, kuma ita ce wurin da ake jin muryarka. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko, kwafar wasiƙar wani: masu dubawa sun karanta ta sau ashirin kafin taka. Na biyu, cika shafin da labarin wahala. Sun san wahalar, kowane mai nema ya sha ta. Layi uku sun isa su faɗi daga ina ka zo da halin gidanku. Ragowar ya amsa: me za ka karanta, me ya sa shi, me ka riga ka yi, me za ka yi da shi. "Ina son taimakon al'ummata" kowa ya rubuta. "Ina koya wa yara 15 karatu da yamma a rumfar makarantarmu tun bara" naka ne kai kaɗai, in dai gaskiya ne, kuma shugaban makarantar zai iya sa hannu ya shaida. Mai son aikin gona ya ambaci abin da ya gani da idonsa, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ko ƙwaron da ke lalata wake a rumbu. Ka rubuta da kanka, malami ya gyara nahawu, kada ya sake maka tunani, don ranar ganawa kai za a tambaya.

Miƙa kwana uku kafin ranar rufewa. Karɓi shaidar miƙawa mai kwanan wata. Lambar wayar da ka rubuta ta kasance taka, a kunne, da ta biyu ta wani wanda ba ya barin gari.

Ranar ganawa

Kwamitin kan haɗa HCR, ƙungiyar da ke gudanar da shirin, wani lokaci da wakilan ma'aikatar ilimi da ofishin jakadancin Jamus. Zo da asalin takardu duka. Za a tambaye ka abin da ka rubuta, don haka sake karanta wasiƙarka daren da ke gabanin ganawar. Ka san darussan shekarar farko na fannin da ka zaɓa. Tambaya kan abin da gidanku ke samu, amsa ta yadda take, don ana iya zuwa gida a gani. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya abu ne mai kyau, amma a ɗakin nan ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Idan ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita. Gwada ganawar sau biyu da wani malami kafin ranar.

Bayan an ɗauke ka

Karanta yarjejeniyar tallafin kafin sa hannu, ka riƙe kwafi. Tambayi abu huɗu: nawa ne, sau nawa a shekara, ta wace hanya, kuma kuɗin makaranta kai za a ba ko jami'a kai tsaye. Idan ta waya ake biya, layin ya kasance da sunanka kamar yadda yake a takardar gudun hijira.

Kuɗin tallafi, ko daga ina suke, sukan makara, musamman a farkon shekara. Tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu: hatsi daga gida, wurin kwana na wucin gadi. Idan kuɗin wata uku suka shigo a dunƙule, ranar nan biya ɗaki na wata ukun, sayi tikitin abinci, ware na kwafin darussa, sannan ka raba saura gida uku. Lissafa ƙananan abubuwa, su ke cinye kuɗi. A ce kabu-kabu na karɓar dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa, kwana 22 a wata: jika takwas da dala ɗari da sittin ke nan, 8,800. Tsohon keke ko ɗaki kusa da jami'a zai mai da kuɗinsa cikin ƴan watanni.

Gida za su sa rai, kuma ba laifinsu ba ne. Zauna da mahaifi ko mahaifiya tun farko, ka nuna musu lissafin a takarda, ku yanke abin da za ka iya aikowa ba tare da ka kwana da yunwa ba. Ɗalibin da ya tura rabin kuɗinsa gida ya shiga aikin lebura don cike gurbi, shi ne ke faɗuwa jarabawa, tallafin ya yanke, kowa ya rasa.

Ana sabunta tallafin ne shekara-shekara bisa sakamako. A tsarin LMD da jami'o'i ke bi, kowane zango kiredi 30 ne, lisans 180, ana cin darasi da 10 cikin 20, wanda ya faɗi kuma yana da zama na biyu. Kai takardar maki da shaidar sabuwar rajista ga mai kula da ku da zarar sun fito. Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa a gida, duk abin da zai hana ka jarabawa, sanar a rubuce kafin ranar, da takardar likita idan akwai. Canja fanni ko makaranta ba da izini ba na iya yanke tallafin nan take. Idan kalandar jami'a ta ja, shekarar karatu ta shiga wata, karɓo takarda daga sikolarite da ke nuna jinkirin ba daga gare ka yake ba.

Idan ba a ɗauke ka ba

Je ka tambayi dalili cikin ladabi, ka rubuta shi. Idan takarda ce, ka san abin gyarawa. Idan gurabe ne suka ƙare, tambaya ko kana jerin jira, don wasu kan janye. Wanda zai iya haɗa kuɗin rajistar jami'ar gwamnati, ta gudummawar dangi, ko adashi, ko zakkar wani mai hali a gari, ya yi rajista ya fara. Sanarwa da yawa na karɓar ɗaliban da suka riga suka shiga, kuma takardar makin shekarar farko hujja ce mai ƙarfi a dosiye na gaba. Ka duba shekarunka: mai 26 yana da sauran zagaye biyu, mai 20 yana da lokacin da zai sake zama bak ya ɗaga makinsa. Kafin sanarwa ta gaba, sake duba wa'adin takardar gudun hijira, ka sabunta hotuna, ka sake yin legalize na kwafin da suka tsufa, don wasu ofisoshi ba sa karɓar hatimin da ya wuce wata uku.